Jinyar Ciwon Ajali da Yarjejeniyar Inshorar Lafiya: Daga Risala zuwa Dokar Kaduna ta 2018

A cikin ƙa'idojin aiki da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIS, ta bi bayan ƙaddamar da ita a shekarar 2005, akwai jerin abubuwan da aka ce asusun ba zai biya kuɗinsu ba ko kaɗan. A cikin jerin, tare da tiyatar kwalliya da raunin da mutum ya samu a wasannin kasada, an lissafa zuwan likita ko ma'aikacin jinya gidan marar lafiya. Haka kuma an ƙayyade kwanakin da asusun zai ɗauki nauyin kwanciya a asibiti: da farko kwana 15 a shekara, daga baya aka mayar da su 21. Idan aka haɗa sharuɗɗan nan biyu za a ga wanda aka bari a waje. Shi ne majinyacin da ciwonsa ya daɗe, likita ya gama abin da zai iya, aka ce wa danginsa su koma da shi gida su ci gaba da addu'a. Daga ƙofar asibiti zuwa ranar da za a yi masa sutura, babu wata yarjejeniya da ta bi shi.

Wannan giɓi yana da tarihi, kuma farkonsa yana cikin littattafan da har yau ake karantawa a zaurukan Zariya da Kaduna.

Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ta halatta a yi sharaɗi da likita a kan warkewa, a wuri guda da ta halatta sharaɗi da malami a kan yaro ya ƙware a karatun Alƙur'ani. Masu sharhi sun tattauna ko wannan ijara ce, wato haya a kan aiki, ko kuwa ju'ala ce, wato lada a kan sakamako, irin wadda ake sa wa wanda zai nemo ɓataccen raƙumi. Daga cikin hujjojin da ake kafawa akwai hadisin Abu Sa'id Alkhudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda wasu Sahabbai suka yi wa shugaban wata ƙabila ruƙiyya a kan sharaɗin garken tumaki, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya tabbatar musu da ladan. Hukunci biyu na wannan ƙulli suna da muhimmanci a nan. Na farko, idan waraka ba ta samu ba likita bai cancanci ladan da aka ambata ba. Na biyu, Malikiyya ba su yarda a shardanta biyan kuɗi tun kafin aiki a cikin ju'ala ba, domin kuɗin zai riƙa kai-kawo tsakanin zama bashi da zama lada.

Ibn Hazm na Andalus ya ƙi wannan ƙulli baki ɗaya. A ganinsa waraka a hannun Allah take, ba abin da likita ya mallaka ba ne balle ya sayar. Abin da ya halatta shi ne a ɗauki likita ya yi hidima na kwanaki sanannu. Ra'ayinsa bai samu gurbi a ƙasar Malikiyya ba, amma, kamar yadda za a gani, shi ne ya fi dacewa da majinyacin da ba a sa ran tashinsa. Domin wane likita ne zai karɓi ju'ala a kan warkar da wanda shi da kansa ya ce ba zai warke ba?

Al'adar ƙasar Hausa ta bi sawun Risala ko da ba a ambaci sunanta ba. Malami yana karɓar kafin alƙalami, sauran sai buƙata ta biya. Mai ɗori da mai maganin gargajiya sukan ce a je, in an ji sauƙi a dawo da abin da ya sawwaƙa. Wanzamin gida kuwa yana da wani tsari na daban: gidan nasa ne shekara da shekaru, aski da ƙaho da kaciya da cire beli duk shi ake kira, rabonsa kuma yana zuwa ranar suna da lokacin kaka. Jinya ita ce ba ta shiga kasuwa ba. Juya marar lafiya, da wanke masa jiki, da kwana a gefensa, da laƙƙana masa kalmar shahada, aikin mata ne da 'ya'ya da 'yan'uwa, sai maƙwabta masu zuwa dubiya. Ba a yi masa farashi ba domin ba a ɗauke shi aikin lada ba, sai dai ladan Lahira.

Duk da haka fiƙihu ya san wannan majinyaci sarai ta fuskar dukiya. A babin hana tasarrufi, Mukhtasar na Shehu Khalil ya taƙaita kyautar mai ciwon ajali a kan sulusin dukiyarsa, ya bar wa masana magani su faɗi wane ciwo ne aka saba mutuwa da shi, sannan ya keɓe ciyarwarsa da maganinsa daga wannan hani. Ma'ana, magada ba su da ikon tsuke hannu a kan jinyarsa da hujjar tsare gādo. Amma wannan kariya ce ga mai dukiya. Matalauci kuwa wakafi ne ya tuna da shi. Asibitin da Sarki Mansur Ƙalawun ya gina a Alƙahira a shekarar 1284 yana da takardar wakafi da ta ba mai kula da shi izinin aika magunguna da abin sha ga matalaucin da yake kwance a gidansa, matuƙar hakan bai ƙuntata wa waɗanda suke kwance a asibitin ba, ta kuma ɗauki nauyin likkafani da binne wanda ya rasu. Ƙasar Hausa ba ta gaji asibitin wakafi irin wannan ba, ko da yake Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce da dama a kan ilimin magani. Zakka da sadaka da zumunci su suka riƙe wurin.

Daga dispensare zuwa kamfanin dillanci

Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a shekarar 1917, kuma asibitocinta na farko na gwamnati ne, na soja da ma'aikata da Turawa. Wanda a yau ake kira Asibitin Koyarwa na Barau Dikko daga cikin irin waɗannan ya tsiro. A karkarar Zazzau En'e ce ke riƙe da ɗakunan shan magani daga baitulmali, mishan kuma suna da asibitinsu a Wusasa. A duk waɗannan, mai biya da mai ba da magani hukuma ɗaya ce, saboda haka babu yarjejeniyar da za a tsara. Ƙudurin inshorar lafiya da Ministan Lafiya Dokta Moses Majekodunmi ya kai majalisa a Legas a 1962 bai kai labari ba. Sai da tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 ya sa magani ya ƙare a asibitocin gwamnati, likita ya koma rubuta takarda a je kemis a sayo, sannan maganar ta dawo da ƙarfi. Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa NHIS da doka mai lamba 35 ta 1999, Shugaba Olusegun Obasanjo kuma ya ƙaddamar da ita ranar 6 ga Yuni, 2005.

Tsarin ya fara ne da ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, don haka ya taɓa arewacin Kaduna fiye da garuruwa da yawa. Gari ne na barikoki da ma'aikatu, daga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da sansanin sojan sama na Mando har zuwa Jaji, maƙwabciyar Katabu a kan hanyar Zariya. A rubuce, ma'aikata za ta zuba kashi 10 cikin ɗari na ainihin albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, a rufa wa mutum shida asiri: shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Wanda ya tsara wannan lissafi bai yi shi da gidan mai mata uku a zuciyarsa ba, kuma tsohuwar da ke ɗakin ƙurya, wadda ita ce ta fi kowa kusa da buƙatar jinya, ba ta cikin mutum shidan.

Tsakanin asusu da asibiti aka sa kamfanonin da ake kira HMO, waɗanda aikinsu ya yi kama da na dillali: su karɓi kuɗi daga hukuma su miƙa wa asibiti. Biyan iri biyu ne. A matakin farko ana ba asibiti ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba. An fara da naira 550, aka mayar da shi 750 a 2012, ya tsaya a nan har zuwa 2024 duk da faɗuwar darajar naira. A mataki na biyu ana biya gwargwadon aikin da aka yi, amma sai kamfanin ya ba da lambar amincewa tukuna. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane inda riba take a tsarin farko. Asibiti yana cin ribar wanda bai zo ba, yana asara a kan wanda ya yawaita zuwa. Mai ciwon daji da ya bazu, ko mai shanyewar ɓarin jiki da gyambon kwanciya ya kama, shi ne mafi munin abokin ciniki da asibiti zai samu a kan naira 750.

Wani abin lura shi ne, wata biyu kafin ƙaddamar da NHIS, a watan Afrilu na 2005, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Dubai ta fitar da ƙuduri mai lamba 149 a kan inshorar lafiya. Tun a 1985, a Jidda, majalisar ta riga ta hana inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, ta halatta ta taimakekeniya wadda aka gina a kan kyauta. Ƙudurin Dubai ya shiga inda na Jidda bai shiga ba, wato ƙullin da ake yi da asibitin kansa. Ya halatta shi da sharuɗɗan da za su rage garari: a fayyace abin da ya hau kan kowane ɓangare dalla-dalla, a yi nazarin lafiyar wanda za a ɗauki nauyinsa, sannan kuɗin da asibiti zai nema ya kasance a kan ayyukan da ya gabatar a zahiri, ba a kan adadin da aka ƙiyasta ba. Ya kuma ɗora wa hukumomi sa ido. Sharaɗi na uku yana karo kai tsaye da biyan kuɗi a kan kowane kai. Ana iya kare tsarin da cewa asibitin kamar ma'aikacin da aka ɗauka na wata ne, wanda ya cancanci albashi da zarar ya ba da kansa ko ba a sa shi aiki ba, kamar dai wanzamin gida. Kariya ce mai ƙarfi. Sai dai wanzami ba ya sayen magani daga aljihunsa, asibiti kuwa daga cikin kuɗin nan zai fitar da magani da gwaji, kuma a nan ne son zuciya yake samun ƙofa.

Rikicin da ya biyo baya sananne ne. Asibitoci suna kukan kamfanoni sun riƙe musu kuɗi wata da watanni, kamfanoni suna kukan asibitoci suna ƙara lissafi, mai rajista kuma ana ce masa magani ya ƙare. Farfesa Usman Yusuf, wanda ya shugabanci hukumar daga 2016, ya fito fili ya zargi kamfanonin da cin kuɗin marasa lafiya. An dakatar da shi a 2017 bisa zarge-zargen da aka yi masa shi ma, aka mayar da shi a 2018, aka sallame shi a 2019. Farfesa Mohammed Nasir Sambo na Jami'ar Ahmadu Bello ya gaje shi, kuma a zamaninsa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a watan Mayu na 2022. Dokar ta mayar da hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta tanadi asusun marasa galihu, ta kuma ƙarfafa ikon hukumar na tantance kamfanoni da asibitoci.

Sauya suna, da abin da bai sauya ba

Kafin nan jihohi sun riga sun fara nasu. Kano ta yi dokarta a 2016, Kaduna ta kafa KADCHMA a 2018 zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i. A Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato da Jigawa an guje wa kalmar inshora a sunan hukumomin, aka ɗauki kalmar da ke nufin karo-karo. Wannan zaɓi yana da tushe. Jama'a sun daɗe suna jin malamai suna cewa inshora caca ce da garari, kuma hadisin Ash'ariyyawa, waɗanda Annabi ya yaba wa saboda tara abincinsu wuri guda su raba daidai idan guzuri ya yi ƙaranci, ya ba asusun taimakekeniya madogara. Hukumar NAICOM ma ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013.

Amma inshorar lafiya ƙulli biyu ce. Akwai na tsakanin mai zubi da asusu, akwai na tsakanin asusu da mai ba da magani. Niyyar kyauta tana gyara na farko. Na biyu kuwa ciniki ne zalla, musayar kuɗi da aiki, kuma duk ƙa'idojin ijara suna hawa kansa: a san aikin, a san ladan, a san lokacin biya, a san wanda zai ɗauki lamuni idan an yi ɓarna. Hankalin masu wa'azi da masu fatawa ya fi karkata ga ƙullin farko, domin shi ne mai tambaya yake tambaya a kai. Na biyu an bar wa akantoci, alhali shi ne yake yanke wa majinyaci abin da zai samu.

Ƙashin bayan tsarin Kaduna cibiya ce: mai rajista ya zaɓi wurin shan magani, ya je can da ƙafarsa, in abin ya fi ƙarfinsu a tura shi gaba. Jihar ta gina wannan a kan manufar cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa daga mazaɓunta 255. Ga zazzaɓi da awon ciki da haihuwa tsari ne mai amfani. Ga mutumin Katabu da aka sallamo daga sashen ciwon daji na Shika, ko daga Barau Dikko a cikin gari, kowace komawa hayar mota ce da wahalar ɗauka da saukewa a kan babbar hanya. Abin da ke cike gurbin shi ne nas ɗin unguwa da mai kemis, waɗanda ake kira su zo su sa ruwa ko su yi allura a biya su a hannu. Wasunsu ƙwararru ne masu tausayi, wasu ba su taɓa shiga aji ba. Hadisin da Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi aikin likita ba a san shi da shi ba, amma lamuni yana buƙatar hukumar da za a kai wa ƙara. Ba kuma za a ce ma'aikacin lafiya bai san hanyar gida ba: masu ɗigon rigakafin shan-inna sun shekara da shekaru suna bin gidajen Igabi ƙofa-ƙofa.

Yadda wasu suka rubuta nasu ƙullin

Jinyar ƙarshen rayuwa a matsayin fanni mai zaman kansa ta fara ne da gidan jinyar Saint Christopher da Cicely Saunders ta buɗe a Landan a 1967. Amurka ce ta fara mayar da ita yarjejeniyar inshora mai faɗi, lokacin da majalisarta ta shigar da ita cikin asusun tsofaffi na Medicare a 1982. Sharaɗin shiga shi ne likita ya shaida cewa, in ciwon ya bi yadda ya saba, bai fi wata shida ya rage ba, majinyaci kuma ya yarda ya bar neman waraka daga wannan ciwon. Ɗalibin Mukhtasar zai gane shaidar likitan nan, ko da yake Musulmi ba zai ɗauki wata shidan a matsayin sanin ajali ba. Biya kuwa na kowace rana ne, mafi yawa a gidan majinyaci, wato hidimar kwanaki sanannu da Ibn Hazm ya faɗa.

Biyan yini ya haifi tasa cutar. Tun da kuɗin rana ɗaya ne ko an ziyarci majinyaci ko ba a ziyarce shi ba, riba tana wurin wanda zai daɗe ba tare da buƙata mai yawa ba, kuma kamfanonin neman riba suka cika fagen har suka zama mafi rinjaye. A 2016 hukuma ta gyara: kuɗin kwana 60 na farko ya fi na bayansu, aka kuma ƙara lada na musamman a kan ziyarar nas a kwana bakwai na ƙarshe, domin a lokacin ne aka fi buƙatarta. Daga 2021 an gwada miƙa wannan jinya ga kamfanonin inshora masu zaman kansu su ƙulla da gidajen jinya da kansu, aka dakatar da gwajin a ƙarshen 2024.

Misalin Yuganda ya fi kusa da halin Kaduna. Dokta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a Kampala a 1993 a kan bin majinyata gida da ruwan mofin mai araha, kuma a 2004 ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. A Nijeriya Ibadan ce ta yi gaba, ta hannun Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta a asibitin koyarwa na can. An kafa ƙungiyar masu wannan fanni ta ƙasa a 2007, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kuma ta fitar da manufa a kansa a 2021.

Manufa ba ta biyan nas kuɗin mota. Ranar da KADCHMA ko NHIA za ta zauna rubuta yarjejeniya da masu jinyar gida, tambayoyin da za su taso na babin ijara ne, kuma Malikiyya suna da abin faɗa a kansu. Ju'ala a kan warkewa ba ta da wuri. Kuɗin kowane kai ya riga ya nuna halinsa. Abin da ya rage shi ne haya a kan lokaci haɗe da aiki ambatacce, kuma mafi kusancin misali a littattafai shi ne hayar mai shayarwa, wadda malamai suka halatta duk da cewa ba a iya auna nonon da jariri zai sha, saboda buƙata da kuma al'adar da ta fayyace abin da ake nufi. Jariri da mai ciwon ajali sun yi tarayya a abu guda: ba sa iya kai ƙara. Saboda haka dole takarda ta faɗi yawan ziyara a mako, da wanda za a kira da tsakar dare, da wanda ya ɗauki nauyin maganin raɗaɗi da ajiyarsa, da ranar da asusu zai biya, tun da jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne a nassin hadisi. Dole kuma ta kula da cewa a Rigasa ko Katabu akwai gidajen da namiji baligi ba ya wuce zaure, don haka jinsin mai jinya sharaɗi ne na ƙulli.

Akwai mas'ala ɗaya da ta fi waɗannan wuya. Mafi yawan aikin zai ci gaba da zama a hannun matar gida ko 'yar da ta bar sana'arta ta dawo ta zauna da mahaifiyarta. Ko ya halatta asusu ya ba ta lada a kan abin da wasu za su ce wajibinta ne? Malamai sun yi saɓani irin wannan a kan uwar da ta nemi ladan shayar da ɗanta, Malikiyya kuma suka bambanta tsakanin wadda take cikin igiyar aure da wadda aka saka saki na yankewa, suka ba ta biyun haƙƙin lada.